Sufanci da Tarbiyyar Zuciya: A Kan Me Ake Jayayya a Zangunan Hausawan Legas?

Shin Sufanci ɓangare ne na addinin Musulunci, ko kuwa ƙari ne da aka shigo da shi daga baya? Mutumin da bai karɓi ɗariƙa ba, akwai abin da ya rage masa a addininsa? Waɗannan tambayoyi ba sa tsufa a majalisun Hausawan Legas. Da watan Maulidi ya kama, ko wani guntun bidiyo ya ɓulla a TikTok da Facebook aka ga matashi riƙe da lasifika yana sakin baki a kan Allah ko Manzonsa da sunan "haƙiƙa", sai gardama ta tashi tun daga Agege har Idi-Araba, daga rumfunan Mile 12 har inda direbobin tanka ke jiran lodi a Apapa. Wannan ya ce ga abin da ɗariƙa ke haifarwa nan. Wancan ya ce yaron ba ɗan ɗariƙa ba ne, ku kuma ba abin da kuka iya sai kafirta Musulmi. A tashi kowa yana huci, gobe a ɗora daga inda aka tsaya.

A ganina abin da ya hana gardamar mutuwa shi ne abubuwa uku ake haɗawa a kira su da suna ɗaya. Akwai gyaran zuciya, wanda ya hau kan kowane Musulmi. Akwai ɗariƙa, wato tsarin da wasu malamai suka shimfiɗa domin yin wannan gyara. Akwai kuma abin da mutane ke aikatawa da sunan ɗariƙa, mai kyau da marar kyau. Mai suka yakan nuna na ukun ya yanke wa na farkon hukunci, mai kariya kuma ya fake da na farkon ya wanke na ukun.

Mece ce tarbiyyar zuciya?

A hadisin Mala'ika Jibrilu da Imamu Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Umar, an tambayi Annabi (SAW) a kan Musulunci, da Imani, da Ihsani. Da aka zo kan Ihsani sai ya ce shi ne ka bauta wa Allah kamar kana ganin Sa, in kai ba ka ganin Sa, to Shi yana ganin ka. Ilimin fiƙihu ya ɗauki ɗawainiyar na farko, ilimin tauhidi ya ɗauki na biyu. Na ukun shi ne wasu malamai suka kira tasawwufi, wasu suka ce tazkiyya, wasu suluki.

Hujjarsa ba ɓoyayya ba ce. Buhari da Muslim sun kawo hadisin Nu'umanu ɗan Bashir cewa a cikin jiki akwai wata tsoka, idan ta gyaru jiki duka ya gyaru, idan ta ɓaci jiki duka ya ɓaci, ita ce zuciya. A Suratus Shamsi Allah ya yi rantsuwa a jere, sannan ya ce wanda ya tsarkake ransa ya rabauta, wanda ya turbuɗe shi ya taɓe. A Suratus Shu'ara'i, aya ta 88 da 89, an ce ranar ƙiyama dukiya da 'ya'ya ba za su yi amfani ba, sai wanda ya zo wa Allah da kuɓutacciyar zuciya.

Me ya sa fiƙihu kaɗai bai wadatar ba? Saboda shi zahiri yake dubawa. Mutum ya cika alwala, ya shiga sahun farko, ya daidaita ruku'u da sujada, malamin fiƙihu zai ce sallarsa ta inganta, kuma gaskiya ya faɗa. Amma in ya yi hakan ne don Alhajin da ke ba shi kaya bashi ya gan shi, wannan ciwo ne da babin sallah ba ya magana a kai. Hadisin da ya fi girgiza ni a wannan fage shi ne wanda Muslim ya ruwaito game da mutum uku da za a fara yi wa hukunci: wanda aka kashe a fagen fama, da malami makarancin Alƙur'ani, da mai kyauta. Dukkansu sun yi aikin, kuma dukkansu an jefa su wuta, don kowannensu ya yi ne don a faɗa.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya kasa littafinsa Ihya'u Ulumiddin kashi huɗu. Kashi guda cur ya ba wa abubuwan da ke hallaka mutum: sha'awar ciki da ta farji, ɓarnar harshe, fushi, ƙullata, hassada, son duniya, rowa, son girma, riya, girman kai, jiji da kai, da ruɗuwa. Wani kashin ya ba wa masu tserar da shi: tuba, haƙuri, godiya, tsoron Allah da kyautata Masa zato, tawakkali, ikhlasi, tuna mutuwa. A wurinsa sanin waɗannan cututtuka da maganinsu farilla ne a kan kowa.

Ba ma sai an je Ihya'u ba. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya san Ahalari, ɗan littafin da ake farawa da shi. Kafin ya ce uffan a kan ruwan alwala, sai da ya jero sharuɗɗan tuba da kiyaye harshe da ido, ya haramta ƙarya, giba, annamimanci, girman kai, jiji da kai, riya, hassada, da ganin fifiko a kan wani. Wanda ya girma ya zama Batijjane da wanda ya girma ya zama ɗan Izala, da yawansu ta wannan shafi suka bi.

Yaya ake yin ta a aikace?

Bahaushe yakan ce hali zanen dutse, wato ba ya kankaruwa. Malaman tarbiyya ba su yarda da wannan gaba ɗaya ba. Gazali ya ce da hali ba ya sauyawa, da wa'azi da nasiha duk sun zama aikin banza, alhali ko doki da kare da shaho ana horar da su su bar ɗabi'arsu. Abin da suke cewa shi ne ba a tumɓuke fushi ko sha'awa, ba a ma so a tumɓuke su. Mayar da su ake yi ƙarƙashin hankali da shari'a, mutum ya yi fushi inda ya dace, daidai gwargwado, ya kuma iya tsayawa.

Ƙofar shiga ita ce tuba, kuma tuba a wurinsu ba ta tsaya a fatar baki ba. Sai an bar laifin, an yi nadama, an ƙudurta ba za a koma ba, in kuma da haƙƙin wani sai an mayar. Nan ne mutane da yawa ke tsayawa, don jan carbi dubu ya fi sauƙi a kan ɗaga waya ka kira wanda ka cinye wa kuɗin adashi ka ce masa ga abinka.

Daga nan sai mutum ya san ciwonsa, abin da kuwa yake da wuya, don kowa ya fi ganin aibin wani. Gazali ya kawo hanyoyi huɗu: ka zauna gaban malami masanin cututtukan rai, ko ka sami aboki mai gaskiya ka ɗora masa aikin faɗa maka aibinka, ko ka saurari abin da maƙiyanka ke faɗa a kanka, ko ka duba abin da kake ƙi a halin mutane ka neme shi a jikinka. Hanya ta farko ita ce tushen zancen shehi da muridi. Lura dai, huɗu ya kawo.

Magani kuwa da kishiyar ciwo ake yin sa. Marowaci ya tilasta wa kansa bayarwa har hannunsa ya saba. Mai girman kai ya share masallaci, ya ɗauki kayansa da kansa, ya riga na ƙasa da shi yin sallama. Mai hassada ya yi wa wanda yake ƙyashi addu'ar alheri a bayan idonsa, ya kuma yabe shi a gaban mutane ko da ransa na ƙuna. Mai surutu ya koyi shiru. Wannan shi ake kira mujahada, kuma ba a gama ta a Ramadan ɗaya.

Sai zikiri, wanda Suratur Ra'adi aya ta 28 ta ce da shi zukata ke samun natsuwa. Sai kuma abin da suke kira muraƙaba da muhasaba: da safe ka gindaya wa ranka sharaɗi, da rana ka sa masa ido kana tuna Allah na kallo, da dare ka zauna ka yi masa lissafi. Duk ɗan kasuwa ya san wannan. Mai shago a Agege ba ya kwanciya sai ya ƙirga ciniki, ya ware uwar kuɗi da riba, ya duba wa ya ci bashi. Malaman suka ce ka yi wa yininka haka: farillai su ne uwar kuɗi, nafiloli riba, saɓo kuma asara.

Alƙur'ani ya ambaci rai da siffofi uku, su ne malaman suka ɗauka a matsayin matakai. Akwai rai mai yawan umarni da mummuna, a Suratu Yusuf. Akwai mai yawan zargin kansa, a Suratul Ƙiyama, wanda yake faɗuwa amma abin yana damun sa. Akwai natsattse, a ƙarshen Suratul Fajri. Galibinmu tsakanin na farko da na biyu muke kai da komo, kuma wanda laifinsa ke hana shi barci bai kamata ya yanke ƙauna ba, don wannan damuwar alama ce ta zuciya mai rai.

Ga inda ake gane ko aikin ya kama. Manomi a Aliero ya loda albasa, ko na Kadawa ya loda tumatir, ya turo Mile 12. Tsakaninsa da kayansa tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Dillali ne zai sauke, ya sayar, ya buga waya ya ce ga yadda kasuwa ta kaya, ga kwando nawa suka lalace a hanya. Babu mai duba shi. Zai iya cewa goma sun ruɓe alhali uku ne, kuma har abada mai kaya ba zai sani ba. A wannan 'yar daƙiƙa da yake riƙe da waya, "Shi yana ganin ka" ko dai tana zuciyarsa ko ba ta nan. Haka mahauci a Abbatuwa da ma'auninsa, haka ɗan canji da baƙon da bai san farashin yau ba, haka mai gadi da mai gidansa ya yi tafiya ya bar masa makullai.

Daga ina ɗariƙu suka fito, kuma ta yaya suka iso Legas?

A zamanin sahabbai aikin yana nan, sunan ne babu. Bayan dauloli sun buɗe, dukiya ta yawaita, sai aka sami masu jan hankalin mutane ga gudun duniya, irin su Hasanul Basari da ya rasu a shekara ta 110 bayan hijira. Harisul Muhasibi da Junaidu a Bagadaza suka tsara abin ya zama ilimi mai ƙa'idoji. Ɗariƙu masu suna da wuridi da silsila sai daga baya suka kafu. Ƙadiriyya ana jingina ta ga Shehu Abdulƙadir Jilani, wanda ya rasu a Bagadaza a 1166. Tijjaniyya kuwa ta Shehu Ahmadu Tijjani ce, haifaffen Ainu Madi a Aljeriya, wanda ya rasu a Fas ta Maroko a 1815.

A ƙasar Hausa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo Baƙadire ne, haka ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello da 'yarsa Nana Asma'u. Tijjaniyya ta sami gindin zama bayan zaman da Alhaji Umarul Futi ya yi a Sakkwato a shekarun 1830. Amma bunƙasar da ta mamaye talakawa da 'yan kasuwa ta zo ne ta hannun Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha a Senegal, wanda ya bayyana Faila (wato kwararar baiwar sanin Allah da mabiyansa suka yi imani ta zo ta hannunsa) a 1929, ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin Hajjin 1937, daga nan ƙofar Kano ta buɗe masa. A ɓangaren Ƙadiriyya, Shehu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, shi ya farfaɗo da ita ya haɗa rassanta. Suka mai tsari a kan ɗariƙu kuma ta fito fili da littafin Shehu Abubakar Gumi na aƙida a 1972, sannan aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 ƙarƙashin Shehu Isma'ila Idris.

Legas ta gaji wannan duka ta hanyar fatauci. Tun da layin dogo ya isa Kano a 1911, goro ke hawa arewa, shanu na gangarowa kudu, zangon Agege ya cika. Fatake ba su zo da kaya kaɗai ba, sun zo da malamansu da wuridinsu. Wani masani mai suna Abner Cohen, da ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda Tijjaniyya ta game Hausawan wurin a farkon shekarun 1950, ta ƙara ɗaure su wuri ɗaya a lokacin da cinikin goro da shanu yake tafiya a kan bashi da amana. Wanda kuke zama da'irar wazifa ɗaya kullum, da wuya ya gudu da kuɗinka. Sun kuma tarar da Yarbawa Musulmi masu nasu malaman da tsarinsu: Ansar-ud-Deen tun 1923, Markaz ɗin Shehu Adamu Al-Ilori a nan Agege, daga baya NASFAT a 1995. Waɗannan ba ɗariƙu ba ne, amma taron asalatu na ranar Lahadi ya nuna cewa haɗuwa don zikiri da salati ba baƙon abu ba ne a garin.

Wuridi, "tarbiyya" da 'yan haƙiƙa

Abin da Batijjane ya ɗaukar wa kansa sananne ne. Lazimi safe da yamma: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100. Wazifa sau ɗaya a yini: istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12. Sai zikirin Juma'a bayan la'asar zuwa faɗuwar rana. Cikin sharuɗɗan karɓa akwai kiyaye salloli biyar cikin jam'i, da biyayya ga iyaye, da rashin amince wa makarun Allah, wato kada mutum ya saki jiki ya ce ya riga ya tsira. Ƙadirawa suna da nasu wuridin, da zikirin anfasu, da bandiri a wasu gidajen.

A bakin 'yan Faila kuma "tarbiyya" tana da wata ma'ana ta musamman. Horo ne da muridi ke shiga a hannun muƙaddami, wato wakilin shehi mai izinin ba da wuridi, da wasu azkaru da keɓewa, da nufin ya kai ga abin da suke kira fana'i da ma'arifa, wato ya shagala da Allah har ya manta da kansa, sannan ya dawo hayyacinsa ya ci gaba da bauta da sani. Masu wannan hanya suna cewa cikar abin ita ce dawowar. Matsala tana faruwa ne idan aka shigar da yaron da bai gama Ahalari ba, a hannun wanda shi ma bai ƙware ba, ya fito yana maimaita kalmomin da bai san nauyinsu ba, yana cewa kowa Allah ne, ko Shehu ya fi Annabi, ko sallah ta faɗi a kansa. Waɗannan su ake kira 'yan haƙiƙa, kuma manyan malaman Tijjaniyya a Najeriya sun sha fitowa su barranta daga gare su. Barrantar gaskiya ce. Sai dai ni ina ganin ba ta isa ba matuƙar ana raba muƙaddamanci ga wanda ba a gwada iliminsa ba, don ta nan ɓarakar ke shigowa.

Shehu Usmanu ya riga ya raba wannan gardama tun da daɗewa. Ya bambance Sufanci iri biyu: na gyaran hali, da na haƙiƙancewa. Na farko shi ne na kowa, shi ake karantarwa a bainar jama'a. Na biyu na keɓaɓɓu ne waɗanda suka ƙoshi da shari'a, ba a baza shi a kasuwa. Yau an juya abin. Zancen da a da sai a ɗaki tsakanin malami da almajirinsa, shi ake yankowa daƙiƙa ɗaya a watsa wa duniya, shi kuwa darasin hassada da riya ba mai tura wa wani.

Ina ainihin wuraren saɓanin suke?

Masu suka suna da tambayoyi na ilimi, kuma bai dace a amsa su da zagi ba. Suna cewa ibada ba a ƙirƙirar ta: wa ya ƙayyade wannan adadi da wannan lokaci, alhali Annabi (SAW) ya bar addini a cike? Suna tambaya a kan falalar da ake faɗa wa Salatul Fatihi, da cewa an ga Annabi a farke an karɓi wuridi bayan wafatinsa, da shimfiɗa farin ƙyalle a wazifa, da kiran waliyyi a nemi agajinsa, da kaɗa bandiri a masallaci, da zancen muridi ya zama a hannun shehinsa kamar gawa a hannun mai wanka.

'Yan ɗariƙa suna amsawa da cewa istigfari da salati da hailala duk umarnin Alƙur'ani ne, Suratul Ahzabi ma cewa ta yi a ambaci Allah ambato mai yawa. Suna kawo hadisin Buhari na mala'ikun da ke yawo suna neman majalisun zikiri. Ƙayyade adadi a wurinsu tsari ne da mutum ya ɗora wa kansa kamar bakance, ba su ce farilla ce a kan al'umma ba. Tawassuli kuma, wato kamun ƙafa da Annabi ko waliyyi wurin roƙon Allah, in ji su, mas'ala ce da malamai suka daɗe suna saɓani a kai. Suna kuma ruwaito cewa Shehu Tijjani da kansa ya ce duk abin da aka ji daga gare shi a auna shi da ma'aunin shari'a, wanda ya dace a ɗauka, wanda ya saɓa a bari.

Wannan saɓani na gaske ne, ba zan ce rashin fahimta ne kawai ba, kuma wasu mas'alolin sun taɓa aƙida. Abin da nake so a lura da shi shi ne babu ɗaya daga cikinsu da ya shafi wajabcin gyaran zuciya. Ibnu Taimiyya, wanda masu suka suka fi dogara da shi, bai yi wa Sufaye kuɗin goro ba. Ya ce mutane ne masu ƙoƙari cikin ɗa'ar Allah, a cikinsu akwai na gaba-gaba, akwai matsakaita, akwai masu kuskure, akwai kuma waɗanda suka raɓe su alhali ba nasu ba ne. Ya kasa su uku: Sufayen gaskiya, Sufayen neman abinci, da Sufayen kama da tufafi. Almajirinsa Ibnul Ƙayyim ya yi Madarijus Salikin, sharhi ne a kan littafin wani Basufe, Al-Harawi. Riyadus Salihin na Imamu Nawawi, wanda ake karantawa a masallatan ɓangarorin biyu, da babin ikhlasi ya buɗe, sai tuba, sai haƙuri, sai gaskiya, sai muraƙaba.

Don haka amsar tambaya ta biyu a fili take. Wanda bai karɓi ɗariƙa ba bai rasa wani rukuni na addini ba, kuma malaman ɗariƙa na kirki ba su ce ya rasa ba. Wanda bai damu da gyaran zuciyarsa ba kuwa ya bar wajibi, ko da wane masallaci yake sallah.

Kowane ɓangare yana da ramin da yake faɗawa. Ɗan ɗariƙa yakan ɗauka karɓar wuridi ita ce tarbiyyar, ya manna hoton Shehu a keke ko a shago, ya ji wata bushara ta gidan Aljanna ya saki jiki, alhali sakin jikin nan ya karya sharaɗin ɗariƙar da yake taƙama da ita. Mai suka kuma yakan koyi gane bidi'a tun bai koyi gane riya ba, ya wayi gari yana kallon dattijon da ya shekara hamsin yana sallar dare a matsayin ɓatacce. Annabi (SAW) kuwa ya fassara girman kai da ƙin gaskiya da raina mutane, ya ce mai ƙwayar zarra nasa a zuciya ba zai shiga Aljanna ba.

Me wannan ke nufi ga talakan da ke neman abinci a Legas?

A ƙauye mutum yana da masu tsaron sa ko bai so ba. Uwa tana nan, kawu yana nan, liman ya san shi, in ya yi abin kunya kafin magariba gari ya ɗauka. Saurayin da ya hau tirela ya sauka a Legas ya bar wannan duka a baya. Yana kwana a shago ko a barandar masallaci, yana tura ruwa ko gyaran takalma ko jari-bola, kuɗi na shiga hannunsa kullum, ba wanda ya san sunan ubansa. Ga tiramadol, ga cacar ƙwallo a waya, ga matan banza, ga 'yan agbero, wato 'yan tasha masu karɓar kuɗi, da ke tsokanar fushinsa tun safe. Kunyar idon mutane da ta riƙe shi a gida ba ta biyo shi ba. Abin da ya rage masa shi ne abin da ke cikin ƙirjinsa. Shi ya sa nake ganin maganar tarbiyyar zuciya ta fi gaggawa a nan fiye da Kano ko Sakkwato.

A nan zawiya tana yin aikin da ba a cika faɗa ba. Baƙo yana samun wurin da za a san fuskarsa, a tambaye shi in an kwana biyu ba a gan shi ba, a haɗa masa kuɗin asibiti, a yi masa sutura in ta Allah ta kasance. A da'irar wazifa za ka ga Bahaushe da Bayarabe da Banufe gwiwa da gwiwa, don zikirin da Larabci ake yi, ba ya buƙatar tafinta. A garin da ya ga rikicin Idi-Araba a 2002 da na Mile 12 a 2016, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Masallatan Izala ma suna yin irin wannan hidima ta hanyar darussan tsakanin magariba da isha'i, da Islamiyyun matan aure, da 'yan agaji. Asarar tana zuwa ne idan 'yan zango ɗaya suka daina sallah a bayan juna, aka fasa aure saboda wuridi, wa da ƙani suka raba tukunya. Lokacin da gwamnatin jiha ta hana acaba a wasu ƙananan hukumomi a watan Yunin 2022, dubban matasan arewa suka rasa abin yi dare ɗaya, kuma jama'ar da ta rabu biyu ba ta iya tsaya musu da murya ɗaya.

Akwai kuma masu cin kasuwa da abin. Garin da mutane ke cikin matsi, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, wuri ne mai daɗi ga wanda zai naɗa rawani ya ce yana da sirrin buɗi. Yana ba da izini ta WhatsApp, yana yanka farashi, yana yi wa mace alƙawarin mallakar miji, yana yi wa ɗan kasuwa alƙawarin rufe bakin abokin hamayya. Waɗannan su ne Sufayen neman abinci da aka ambata a sama, kuma mata da sababbin zuwa su suka fi faɗawa hannunsu. Alamominsu ba sa ɓuya ga mai lura. Malamin tarbiyya yana farawa da tambayar sallarka da iyayenka da inda kake samun abinci, shi kuwa wancan da aljihunka yake farawa. Na gaske ana sanin malamansa da inda ya yi karatu, ba ya keɓewa da matar da ba muharramarsa ba, ba ya hana almajirinsa zuwa wani wuri neman fiƙihu ko hadisi, kuma in aka kawo masa aya ko hadisi a kan kuskurensa yana karɓa. Duk wanda ya ce maka ya kai matsayin da sallah ko azumi suka faɗi a kansa, ko ya nemi ka ɓoye wa iyalinka abin da ke tsakaninku, tashi ka bar wurin tun kafin ya gama magana, kuma ka gaya wa limamin unguwarku ko Sarkin Hausawan yankin domin a tsare na bayanka.